Sabo Ake Yi Wa Kuka

 Maganar da na kawo muku yau, wani zai ce ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba. Ina roƙo dai a bi ni har ƙarshe.

A daminar da ta wuce karenmu Duna ya mutu, bayan shekara 9 yana tare da mu. Shi ke raka uwargida gona, shi ke kwana a bakin turken awaki, shi ke taryen autanmu in ya taso daga makaranta. Da fari ya daina cin abinci, sai kwanciya a ƙarƙashin rumbu. Dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Muka ce zai warware, muka yi kwana 4 muna ɗura masa maganin mutane. Da likitan dabbobi ya zo, ya ce cutar da kaska ke sa wa jini ce, kuma mun makara. Washegari da asuba ya mutu.

Autanmu, ɗan shekara 11, ya zauna a ƙofar gida yana kuka. Wani maƙwabci da ke wucewa ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, kare ne fa! Tashi ka ba mutane wuri." Yaron ya haɗiye kukansa ya shige ɗaki. Ni kuwa ban ce uffan ba, gama ni ma nawa nake ɓoyewa.

A ganina maƙwabcin nan ya yi kuskure, ni ma na yi kuskure da shiruna. Magabata sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Abin da ya yi shekaru yana gadin gidanka, ya san takunka tun daga nesa, ranar da ka dawo ba ka same shi ba dole zuciya ta sosu. Wannan ba zunubi ba ne, ba kuwa abin kunya ba. Littafin Karin Magana 12:10 ya sa kula da dabba cikin halayen adali. Sa'ad da annabi Natan ya so ya taɓa zuciyar sarki Dawuda, labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi, wadda ta girma tare da 'ya'yansa. Dawuda bai ce tunkiya ce kawai ba, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Na san abin da wasu za su ce. Mutane na mutuwa, gwauraye da marayu sun cika ikkilisiyoyinmu, ina ruwanmu da kukan kare? Gaskiya ne, ba a haɗa mutum da dabba, gama mutum kaɗai aka yi cikin kamannin Allah. Ban ce a buga wa kare akwati ko a kira fasto ya yi jana'iza ba. Amma tausayi ba tuwo ba ne da zai ƙare in an ɗiba. Ga yara da yawa, mutuwar kare ita ce haɗuwarsu ta fari da mutuwa. Yaron da aka yi wa dariya ran nan ya koyi cewa baƙin ciki abin ɓoyewa ne. In ya girma haka, yaya zai iya zama kusa da mai makoki?

To, me ya kamata mu yi? Da fari a faɗa wa yaro gaskiya. Kada a ce kare ya gudu ko an kai shi ƙauye, gama zai yi ta duban hanya, ran da ya gane kuwa ya daina yarda da maganarmu. Autanmu ya tambaye ni ko zai ga Duna a sama. Na ce masa Littafi Mai Tsarki bai yi mana wannan alkawari ba, amma Matiyu 10:29 ya koya mana cewa ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba. Wanda ya halicci Duna bai manta da shi ba. Wannan amsa ta ishe shi.

Na biyu, a binne gawar da zurfi, nesa da rijiya. Kada a yar da ita a juji, kada kuma a sayar wa masu nama. In ciwon amai da zawon jini ne ya kashe shi, wanda likitoci ke kira fabo, ƙwayar cutar takan yi watanni a ƙasa. A wanke wurin kwanansa da kwanonsa da ruwan bilic, kuma kada a yi gaggawar kawo ɗan kwikwiyo.

Na uku, baƙin cikin nan ya koya mana hankali. Rigakafi ya fi magani. Ana fara yi wa kwikwiyo allura tun yana mako 6 zuwa 8, ta ciwon hauka kuwa in ya kai wata 3, sa'an nan a riƙa sabuntawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar ciwon haukan kare. Wannan ya shafi ran 'ya'yanmu ma, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi ta cizon kare. A riƙa cire kaska, kare kuma in ya ƙi abinci kwana 2, a nemi likita. Da mun yi haka, wataƙila da Duna na nan.

Daren ran nan na shiga ɗakin yaron na ce masa, "Auta, ni ma abin ya dame ni." Muka ɗauki fatanya muka haƙa rami a bayan gida, muka gode wa Allah don shekara 9 da ya ara mana shi. Ya ɗan'uwa, in ka ga maƙwabci ko ɗansa cikin irin wannan hali, ajiye dariya. Ka ce masa sannu, Allah ya ba da haƙuri. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tausayi. Amin.