Ɗage Zaɓe: "Doka Ta Yarda" Ba Amsa Ba Ce



Duk sa'ad da aka ɗage zaɓe a Nijeriya, sai ka ji masu kare hukuma suna cewa ai doka ta yarda. Ni a ganina wannan rabin gaskiya ce.

Lalle sashe na 132 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gudanar da zaɓen shugaban ƙasa tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin cikar wa'adi. Don haka ɗagewar 2015, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, ba ta ƙetare haddi ba, haka ma ta 2019. Ƙarin wa'adi kuwa, sashe na 135 bai halatta shi ba sai a halin yaƙi, bisa ƙudurin Majalisar Tarayya, kuma kada ya wuce wata shida a kowane karo.

To amma wa ya biya wa talaka asararsa? A 2019 cikin tsakar dare INEC ta yi sanarwar, saura sa'o'i kaɗan a buɗe rumfuna. Wanda ya rufe shagonsa a Legas ya biya kuɗin mota zuwa garinsu domin jefa ƙuri'a, da me zai sake dawowa bayan mako guda? Kimanin kashi 35 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fito.

Ya ɗan'uwa, ranar zaɓe alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne. Duk wanda ya ce maka doka ta yarda, tambaye shi: wane jami'i ne ya sauka daga kujerarsa saboda saɓa wa al'umma alkawari?