Wasiƙa a Buɗe Ga Mafarautan Ɓoyayyun Akwatuna Masu Shirin Zuwa Yawunde

Zuwa ga 'yan'uwa ma'abota jiyokashin na Kano, Zariya, Maraɗi da sauran garuruwa,

Mai wannan wasiƙa yana so ya ja hankalin abokan harkarsa da ke shirin rataya na'urar GPS a wuya su nufi babban birnin Kamaru, musamman waɗanda za su sauka a unguwar Hausawa ta Briqueterie ko su bi ta Elig-Edzoa.

Ga wanda wasiƙar nan ta faɗo hannunsa bai san harkar jiyokashin ba, wani ne zai ɓoye ɗan akwati da littafin sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin wurin a intanet, wani kuma ya bi lambobin har ya tono sirrin. Abin ya samo asali ne ranar 2 ga Mayu, 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Kuskuren na'ura ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kusan mita 10. Washegari Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, ya ce wa jama'a su nemo. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya, amma galibinsu suna Turai da Amurka ta Arewa. A Kamaru ƙalilan ne, don haka mai zuwa ya duba ranar da aka yi wa kowane akwati ganin ƙarshe kafin ya ɓata kuɗin tasi.

Shiri daga gida yake farawa. Taswirar da ke zuwa cikin na'urori irin su Garmin eTrex ba ta san lungunan Yawunde ba, sai a sauke taswirar Kamaru ta OpenStreetMap tare da jerin akwatunan tun ana Kano. A tanadi batura masu ƙarko, domin na arha da ake sayarwa a bakin titi ba sa kai mutum la'asar. Soket ɗin Kamaru mai ramuka biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Ɗan Maraɗi ya saba da shi, amma ɗan Zariya sai ya sayi adafta. Wanda kuma ke da na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ya binciki dokar duk ƙasar da zai ratsa: Indiya ta tsare matafiya saboda irinta, Masar ma sai a 2009 ta sakar wa farar hula mara su yi amfani da GPS.

Sai batun lambobi. Yawunde tana wajen digiri 3 da minti 52 arewa, digiri 11 da minti 31 gabas. Shafin Geocaching yana rubuta digiri da minti da ɓurɓushin minti, a kan ma'aunin WGS84, kuma haka ya kamata a saita na'ura. Wanda ya ɗauki minti 52.30 a matsayin minti 52 da daƙiƙa 30 ya riga ya kauce da mita 370 tun bai ɗaga ƙafa ba. A unguwa mai cunkoso wannan tazara ta isa ta kai shi tsakar gidan mutane.

Na'urar da ta yi doguwar tafiya a kashe tana bukatar 'yan mintoci a fili kafin ta kama taurari huɗun da lissafinta ke bukata. Kada a yi mata wannan shan iska a filin jirgin Nsimalen, inda idon jami'an tsaro ke kan kowa. A bari sai an isa masauki, a kunna ta a tsakar gida, a kuma fara da adana lambar ƙofar masaukin.

Daga nan ne birnin zai fara koya wa Bakano darasi. Yawunde gari ne na tuddai, kusan mita 750 sama da teku, kuma kibiyar na'ura ba ta san hawa da gangara ba. Za ta ce saura mita 300, alhali tsakani akwai kwari da fadama, ko rafin da ke gangarawa kogin Mfoundi ya cika ya batse a daminar Satumba zuwa Nuwamba. A Elig-Edzoa layin dogon da ke tafiya Ngaoundere ya ratsa gefen kasuwa. In kibiya ta nuna ƙetaren dogo, a nemi mashigar da mutanen unguwa ke bi. Direban tasi mai ruwan ɗorawa kuma ba ya jin yaren digiri. Sunan mararraba ko kasuwa ko masallaci yake so a faɗa masa, da kuɗin da za a biya.

A cikin Briqueterie matsalar daban ce. Unguwar ta samo sunanta daga masana'antar tubali ta zamanin Jamus, kuma yau gidajenta sun haɗe, rufin kwano na gogar rufin kwano. Sigina tana dukan kwano ta karkace kafin ta iso, sai ɗigon da ke allo ya riƙa tsalle daga wannan lungu zuwa wancan. Bayan faɗuwar rana abin yakan ƙaru, saboda a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya saman sararin samaniya yakan hargitse a wannan lokaci ya raunana siginar. Wato daidai lokacin da hayaƙin tsire, wanda mutanen gari ke kira soya, ya turnuƙe titi, a nan ne na'ura ta fi yin ƙarya. Gara a saka ta aljihu a zauna a ci nama.

Babban abin da wasiƙar nan ta zo da shi shi ne mita goman ƙarshe na kuskuren na'ura. A dajin Oregon, mita goman ganye ne da duwatsu. A Briqueterie kuwa teburin mai shayi ne, da keken tela, da ƙofar zaure, da tabarmar dattawa. Baƙon da ya tsaya yana leƙa bayan katanga da wata na'ura a hannu ba zai yi minti biyu ba a tambaye shi ba. Kuma mutane suna da hujja: Kamaru tana fama da Boko Haram a arewa mai nisa, ta kafa dokar yaƙi da ta'addanci a 2014, kuma a 2020 bama-bamai haɗin gida sun tashi a wasu unguwannin Yawunde. Ko a Ingila, a garin Wetherby, a Yulin 2011 sojoji sun tarwatsa wani akwatin wasan nan bayan an rufe titi, saboda an ga mutum yana ajiye shi a ɓoye. Saboda haka kusa da fadar shugaban ƙasa ta Etoudi, barikin soja, ofishin 'yan sanda ko masallaci ranar Juma'a, na'ura da kyamara su zauna cikin jaka.

Fataken da suka buɗe wa Hausawa hanyoyin Kamaru suna da jagaba mai sanin hanya, amma in sun shiga gari mai masauki suke nema, wanda zai tsaya musu a gaban jama'a. Na'ura ta gaji aikin jagaba kawai. Mafarauci ya yi sallama, ya gaida dattawa, ya nuna hoton akwatin, ya bayyana wasan da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Ɗabi'ar sanɗa da ɓoye wa 'yan kallo da aka koya daga Turawa ba ta da muhalli a nan.

Haka ma mai sha'awar ɓoye nasa. Ƙa'idar wasan ta hana binnewa a ƙasa, ta sa tazarar mita 161 tsakanin akwatuna, ta nemi izinin mai wuri, kuma ba ta yarda matafiyi ya ajiye akwati ya koma ƙasarsa ba tare da mai kula ba. Mafita ita ce a sanar da mai unguwa, a damƙa akwatin ga wani mai shago da ya yarda, ya zama roba ce da ake ganin cikinta, da bayani a jiki da Faransanci da Hausa. Kada a sa abinci, ashana ko wuƙa.

Wanda Allah ya ba sa'a ya samu, ya sa hannu, ya mayar da akwatin yadda ya tarar, ya yi wa mai shagon ciniki. In ya koma gida ya rubuta a shafin akwatin ko littafin ya jiƙe, ko murfin ya tsage, da mararrabar da ya kamata na baya ya faɗa wa direban tasi.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. Wassalam.

Daga ɗan'uwansu a harkar.