Fentin Roba: Zanen Aro a Jikin Tsohuwar Mota

Akwai wani talla da ke yawo a TikTok da YouTube: a fesa wa mota wani ruwan roba, ta koma baƙa wuluk marar sheƙi, sa'an nan a kama gefe ɗaya a ɓare shi kamar ɓawon ayaba, asalin fentin ya bayyana sumul. Masu sayarwa na cewa ba ya cutar da komai. Wannan magana gaskiya ce a kan sabuwar mota mai lafiyayyen fentin kamfani. Amma a kan irin motocin da ke zirga-zirga daga Kano, ta Bunkure da Rano, zuwa Kibiya, alkawari ne da babu mai iya cika shi.

Mafi shaharar irin wannan kaya shi ne Plasti Dip, wanda wani kamfani a jihar Minnesota ta Amurka ya fara yi a 1972. An ƙirƙire shi ne domin a tsoma mariƙin filaya da makamantanta, hannu ya daina zamewa. Sai daga baya masu sha'awar motoci suka mayar da shi abin ado. Robar tana narke ne a cikin sinadarai masu ƙarfi, dangin tina, waɗanda kan bi iska bayan feshi su bar ta a daskare. Kafin su tafi kuwa, sun riga sun zauna a kan duk abin da ke ƙasa.

Fentin motar zamani hawa biyu ne: launi, da wani shafe mai haske da aka gasa a kamfani domin ya kare shi. Wannan shafen yana jure wa sinadaran. Tsofaffin motoci da yawa, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, fenti mai hawa ɗaya gare su. Golf da Sharon da suka shigo a matsayin na hannu kuwa, da wuya a sami wadda ba ta taɓa kwana a wurin mai bugun jikin mota ba. An cike lotsawa da ƙullin gyara, an sake feshi a fili, rana ce ta busar da shi. Irin wannan fenti yakan yi laushi idan sinadarin ya taɓa shi, kuma riƙonsa ga ƙarfe bai kai riƙon robar gare shi ba. Ranar ɓarewa, sai robar ta tafi da shi.

Yanayin wurin ma ba ya sassauci. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Roba da ta daɗe a wannan hali takan bushe ta yi tauri, ta daina miƙewa. Domin ta ɓaru a dunƙule, sai an fesa ta da kauri, hawa biyar ko fiye. Mai feshin da ke tattalin gwangwani zai tsaya a biyu ko uku, mai mota kuma ya ƙare da kankarar gutsattsari da farce. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a jikinta. Fetur yana narkar da ita, ga shi kuwa direban ƙauye sau da yawa daga galan ɗin 'yan bumburutu ake ɗura masa, ana zuba ana ɗiga. Da damina ta kankama, ruwa kan shiga ta inda gefe ya ɗaga, ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta ci ƙarfe ba mai gani.

Masu kare wannan sana'a za su ce ya fi cikakken fenti sauƙin kuɗi, kuma kowa na da ikon yi wa motarsa abin da ya so. Haka ne. Sai dai araha ba ta ado, kuma wanda ya biya kuɗin feshi, ya biya na kankarewa, ya dawo ya biya na sabon fenti, bai ci ribar komai ba. Ga direban haya, motar nan ita ce jarinsa, ita ce kuma abin da zai sayar ranar da buƙata ta taso.

Mafi muni shi ne abin da robar ke ɓoyewa. Launi marar sheƙi yana rufe tsatsa da tabon haɗari fiye da kowane fenti. Dillalin da ya lulluɓe ruɓaɓɓiyar mota da shi ya kai ta kasuwa ya yi algus, ko da wane suna ya kira aikin. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya shekara yana tara kuɗi shi ne zai kwana a ciki. Kuma idan launin ya saɓa wa na takardun mota, wata rigimar ce ke jiransa a shingen bincike.

Saboda haka nauyi yana kan mai feshi ya tambayi tarihin fentin, ya gwada a ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa, ya jira kwanaki kafin ya taɓa sauran jiki, ya kuma ƙi aikin idan fentin ya fara tsagewa. Mai saye kuwa ya nemi a ɓare masa wani sashe a gabansa, ya bi jikin da maganaɗisu domin gano inda aka cike. Dillalin da ya ƙi yarda da hakan ya riga ya ba da amsa, domin zanen aro ba ya rufe katara.