A Auna Unguwa da Ƙafar Yaro

Mu ƙananan ma'aikata, da zarar an yi mana canjin wurin aiki zuwa Abuja, sai mu bi dillali muna duban fenti da girman falo. Wannan kuwa kuskure ne. Birnin nan da gwamnati ta koma cikinsa a 1991, domin mota aka shimfiɗa shi, albashinmu kuma iyakarsa Kubwa ko Nyanya. To, kafin mu biya hayar shekara, mu riƙe hannun ɗanmu mu taka zuwa makaranta, da asibiti, da wurin mai kayan miya. In sai an tsallaka babban titi, a bar gidan, kome arharsa. Mu kuma tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya da damina, gama dillali ba zai faɗa ba.