Baƙon Da Ya Datse Hanya

Jama'a, ku ji labarin Vinod Khosla, ɗan wani hafsan sojan Indiya, haifaffen 1955. Ya tafi Amurka neman ilmi, Jami'ar Stanford ta karɓe shi. A 1982 shi da abokansa uku suka kafa kamfanin kwamfuta, Sun Microsystems. Daga baya ya koma zuba jari a sababbin kamfanoni, in sun yi albarka ya kwashi rabonsa. Ba mu yi masa hassada, guminsa ne.

To, amma a 2008 ya sayi fili a bakin teku a Kalifoniya, Martins Beach, dala miliyan 32 da rabi. Shekara da shekaru masunta da masu iyali na biyan 'yan kuɗi kaɗan su wuce. Sai gogan naka ya garƙame ƙofa! Muna tambaya: da haka aka yi masa ran da ya sauka, ina zai sami abin sayen filin?

Aka kai ƙara a 2013. Alƙalai suka ce babu rufewa sai da iznin hukuma. Ya ƙi, ya ɗaukaka har Kotun Ƙoli, a 2018 ta ƙi ko sauraronsa. Shekara biyar yana biyan lauyoyi don kada talaka ya taka rairayi.