A gaya wa likita sana'armu, don a san likita nawa muke bukata

Jama'ar Kore Mairuwa, akwai cututtukan da aiki ke jawowa. Mai garka a fadamar Dallol Mauri yana fesa maganin ƙwari ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Mai haƙar rijiya yana shaƙar ƙura. Samarinmu da ke zuwa haƙar zinariya a Jado suna komowa da tari. Akwai likitoci da suka yi karatu na musamman kan irin waɗannan cututtuka na aiki da muhalli. A ƙasarmu ba su da yawa, kuma an fi samun su a birni.

Yaya hukuma take sanin likita nawa ya kamata a kai asibiti? Da lissafi ne. Ana ƙidaya marasa lafiyar da suka zo a shekara. Sannan a duba mutum nawa likita ɗaya zai iya dubawa. Ga misali: in yana duba mutum 20 a rana, kwana 200 a shekara, ya duba 4.000 ke nan. In marasa lafiya 8.000 ne, likita 2 ake bukata.

To, ƙidayar nan daga littafin asibiti take fitowa. In manomi ya ce kansa ke ciwo kawai, bai faɗi ya yi feshi ba, ciwon kai za a rubuta. A Dogon Dutsi da Doso, masu lissafi ba za su ga cutar feshi ba. Abin da ba a rubuta ba, ba a aiko masa likita.

Mu tuna da jihar Zamfara ta Najeriya. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka, domin ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara da yawa sun rasu kafin a gano dalili.

Saboda haka, duk wanda ya je asibiti, ya faɗi sana'arsa tun kafin a tambaye shi. In feshi ya yi, ya tafi da kwalbar maganin a rufe. Mu da muka koyi karatu, mu rubuta sunan maganin da ranar feshi, mu taimaki waɗanda ba su iya ba. Muna kuma roƙon malaman asibiti su riƙa rubuta sana'ar kowane majinyaci. Da wannan rubutu ne za mu nemi likitan da ya san cutar manomi.