Kaurin Baƙin Mai Ba Shi Ne Kariyar Inji Ba

Akwai wata fatawa da ta yi kaka-gida a garejoji daga Kano har Agadas: wai motar da ke shiga daji, Hilux ce ko Land Cruiser, ba ta son komai sai baƙin mai mai kauri, domin ƙasar nan da zafi, tsinkakken mai kuwa na Turai ne. Bakanike zai ɗiga man a yatsa, ya murza, ya yanke hukunci: 20W-50. Abin takaicin shi ne, likita ko lauyan da ba zai haɗiyi ƙwaya ba sai ya karanta takardarta, shi ne zai miƙa injin miliyoyin naira ga hukuncin yatsu biyu.

Lambobin da ke jikin galan ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana idan inji ya kwana ya yi sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100, wato kusan zafin da man ke aiki a cikinsa, ko a Landan motar take ko a Bilma, domin ruwan lagireto ne ke riƙe zafin inji, rana ba ta da babban iko a kansa. Yatsan bakanike kuwa a inuwar gareji yake awo, a yanayin da man ba ya aiki a cikinsa ko kaɗan.

Masu fatawar suna da ɗan abin kamawa. Mai kauri yana rufe ƙarar tsohon inji, yana rage hayaƙi, sai mai mota ya tafi da murna. An rufe bakin majinyaci ne kawai, ciwon yana nan. Haka kuma tsohon injin dizal na 1HZ mai lita 4.2, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990 kuma har yau yake ratsa Sahara, yana zaune lafiya da 15W-40. Laifin shi ne ɗaukar abincin wannan dattijo a ɗura wa injin 1GD mai lita 2.8 da ya zo da Hilux ta 2015. Wannan yana da tobo mai juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma hanyoyin mai a cikinsa matsattsu ne. Da asubahin hunturu, kowace daƙiƙa da mai kauri ya ɓata kafin ya isa sama, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe.

Sannan ga haruffan da ba wanda ke dubawa, alhali sun fi lambobin muhimmanci. A tsarin API na Amurka, S na injin fetur ne, C na dizal, kamar CI-4 ko CK-4. Man dizal na ɗauke da sinadaran da ke riƙe baƙin hayaƙi kada ya dunƙule, suna kuma kashe tsamin da sulfa ke haifarwa. Motar da aka shigo da ita daga Turai da matatar hayaƙi a salansa tana buƙatar mai mai ƙarancin toka, irin ACEA C2. A zuba mata waninsa, tokar ta toshe matatar, gyaran ya ci kuɗin juye na shekaru. Duk wannan yana rubuce a littafin motar, wanda galibi yana nan cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba.

Abin da ke kashe injin motar daji tun kwanansa bai ƙare ba shi ne ƙura. Ƙurar burji da hazon hunturu cike suke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen ringi tauri. Idan ya tsallake matatar iska ya gauraya da mai, ya zama dutsen wasa, kuma babu kaurin da zai hana shi cin silinda. Duk da haka, mutumin da ya yi rantsuwa a kan 20W-50 shi ne zai bar yaron gareji ya bubbuga matatar a jikin taya, ya hura mata iska mai ƙarfi har takardar ta yage, a mayar.

Lissafin kilomita ma yaudara ne a daji. Motar da ta wuni tana nishi cikin rairayi da ƙaramar giya ta yi aikin tafiyar Kano zuwa Abuja, amma agogonta bai nuna rabin haka ba. Shi ya sa jadawalin masu ƙera motoci ke gajarta wa'adin juye a hanya mai ƙura, sau da yawa daga kilomita 10,000 zuwa 5,000, tare da sabuwar matatar mai kowane karo. Wadda kuwa ta tsallaka rafi da damina, a zaro sandar awon mai kafin a ci gaba. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai juye nan take ko da jiya aka zuba shi.